Biko Ranar Awo

Attahiru ya ɗaga ƙwan zabon saitin rana, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana leƙensa kamar an ce masa akwai saƙo a ciki. Bafulatanar da ta kawo ƙwan bakin tashar Tsafe ta gaji da tsuguno, ta zauna ta miƙe ƙafa a gefen ƙwaryarta. Damina ta yi tsakiya, zabi sun saki ƙwai, duk inda ka waiwaya ƙwarya ce cike, amma shi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yi masa ba ya mayar.

"Attahiru," in ji Gwaggo Uwani daga bayansa, "biko munka fito ko sayen ƙwai?"

"Yanzun nan, Gwaggo."

"A'a, bi a sannu. Matar ai ba guduwa za ta yi ba. Ta riga ta gudu."

Gwaggo Uwani ƙanwar mahaifinsa ce, ita kaɗai ta rage masa cikin manya. Motar farko ya biyo daga Gusau don ya ɗauke ta, domin namiji ba ya zuwa biko shi kaɗai kamar marar dangi. Matarsa Bara'atu ta yi yaji, tana gidan mahaifinta Malam Dalhatu a Bungudu, kuma jiya Malam Dalhatu ya aiko da gajeriyar magana: in mijin bai zo yau ba, gobe ya aiko da takardarta. Abin da tsohon bai sani ba, ko ya sani bai dame shi ba, shi ne yau ɗin ce kuma ranar awo. Bayan la'asar za a auna masu ɗaga ƙarfe a Gusau, a fitar da waɗanda za su wakilci sabuwar jiha a wasannin ƙasa can kudu.

Tun da aka yanki Zamfara aka mai da Gusau babban birni, kowa ya gano ashe yana da wata baiwa da Sakkwato ta danne. Wani ya tashi mawaƙi, wani ɗan kwangila. Attahiru, wanda ke tura dilar yadi a masaƙa, ya gano shi ƙarfe zai ɗaga. A bayan layin dogo akwai wata rumfar tsohon kwano inda wani mai suna Kamilu ya tara abubuwan da duniya ta yar: ƙafar kurar jirgin ƙasa, da faifan injin niƙa, da gwangwanayen madara da aka cika da siminti aka soka musu bututun famfo. Kamilu ya taɓa yin gadin wani otal a Kaduna, inda ya ce ya sha leƙen Turawa ta taga suna ɗaga ƙarfe, ya kuma ga abin da ake kai musu a faranti. Da wannan ilimi na taga ya dawo gida ya zama koci.

Karatun Kamilu ba shi da tsawo. Ƙwanji ba a rumfa ake gina shi ba, a kwano ake gina shi. Tuwo abokin gaba ne, shi ke sa wa Bahaushe tumbi da barcin rana. Mai da gishiri kuwa ko a gaishe su kada a yi. Mutum ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kamar kaza: dafaffen wake tsura, dafaffen nama tsura, kindirmo ba sukari, sai kuma ƙwai, farin kawai, gwaiduwar a zubar. Attahiru ya karɓi karatun nan hannu bibbiyu. Kafin ruwa ya sauka ƙirjinsa ya buɗe har sai da tela ya ƙara wa rigunansa ƙyalle a hammata, kuma kyanwoyin unguwarsu ta Tudun Wada, waɗanda suka gaji gwaiduwar, suka yi sheƙi suka daina kula ɓera. Akwai wata baƙa mai farin wuya da take raka shi har ƙofar masallaci, ta zauna kusa da takalmansa tana jiran a sallame.

Bara'atu ta yi haƙuri iya yinta. Ta tuƙa tuwo, ya dawo mata yadda ta kai shi, ko shaidar yatsa babu. Ta canza miya, ta bar dawa ta koma masara, ta aro dabarun maƙwabta. Daga baya ta koma miƙa shi ta kan katanga, har matan unguwa suka fara tambayarta, da irin tausayin nan mai ƙaiƙayi, ko wani abu ne ya shiga tsakaninta da maigidan. Duk ta shanye. Ranar da yayanta Sule ya zo daga Bungudu ne abin ya ƙare. Ta yi miyar sure, wato yakuwa, da naman rago, ta zuba man shanu, aka kai wa mazan zaure. Attahiru, don girmama baƙo, ya yarda zai taɓa naman. Ya tsamo tsoka ɗaya, ya tsoma ta a kofin ruwa, ya cuɗa ta da yatsu har miyar ta fita tas, ya yarfe, ya kai baki. Sule ya raka tsokar da ido tun daga kwano har maƙoshi. Ya gama cin tuwonsa, ya shiga ya yi wa ƙanwarsa sallama, kuma da alama ba sallamar kaɗai ya yi ba, domin washegari da Attahiru ya dawo daga rumfa ya tarar da murhu a sanyaye.

Sai da hantsi ya ɗaga suka samu mota. Ana wahalar man fetur, bas ɗin da ya samu man sai ya ɗauki nasa fasinjan ya haɗa da na waɗanda ba su samu ba. Aka cusa su a kujerar baya. Kafaɗun Attahiru suka ci wurin mutum da rabi, har wani dattijo mai buhun gauta ya koma zama da gefe ɗaya.

"Malam, ko za ka ɗan tsuke?" in ji dattijon.

"Ba ya tsukuwa," in ji Gwaggo. "Mun gwada."

Ta kwance wani ƙulli ta fito da hocen dawa da ƙuli-ƙuli, ta gutsira ta miƙa wa ɗan wanta.

"Ba na ci yau, Gwaggo."

"Azumi kakai?"

"A'a, awo ne. Ko ruwa koci ya ce kada in sha sai an auna ni."

"Ikon Allah. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ba lada." Ta miƙa wa dattijon. "Karɓi, Malam, kai da ba a auna ka."

Attahiru ya rungume kwalin ƙwansa, ya zura kai ta taga yana tofar da yawu, don Kamilu ya ce yawu ma nauyi ne. Dutsen Kwatarkwashi ya taso a gefen hanya, jiƙe da ruwan jiya, gajimare ya sauko ya zauna masa a kafaɗa. Attahiru ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ga kamar wani ƙato ne ya durƙusa zai ɗaga sama baki ɗaya, tun zamanin kakanni yake jan numfashi, bai dai ɗaga ba tukuna. Ya so ya gaya wa wani. Ya waiwayo ya ga Gwaggo da dattijon suna tauna suna kallonsa kamar majinyaci, ya fasa.

"Wai ni kam," in ji Gwaggo, "in ka ɗaga ƙarfen, ina kaka kai shi?"

"Ajiyewa ake yi."

"Inda ka ɗauke shi?"

"Nan dai."

"To madalla. Ubanka ya yi shekaru yana dakon gyaɗa a Gusau, amma shi, bawan Allah, in ya ɗauka wani wuri yake kaiwa. Zamani ya ci gaba."

Da suka sauka Gusau ya roƙe ta su biya ta rumfa, ba za su daɗe ba. Suka tarar da Kamilu zaune a kan faifan injin niƙa, siriri kamar sillen kara, yana cin masa tana ɗigar mai. Ya aro sikelin masu sayen auduga, irin mai ƙugiya, ya rataye shi a reshen dalbejiya, ya maƙala buhu a ƙugiyar. A cikin buhun mutum yake zama. Attahiru ya tuɓe riga da takalmi ya shiga, ƙafafunsa na reto, igiya na juya shi a hankali. Ya fuskanci gabas, ya fuskanci layin dogo, ya dawo ya fuskanci gwaggonsa.

Kamilu ya lashe yatsu, ya matso ya duba allurar sikelin.

"Cif! A kan layi kake, ko gashi ba a ƙara. Ka ji ni da kyau, Attahiru. Loma ɗaya, kurɓi ɗaya, ka tsallaka ajin sama. Ka kuwa san wanda ke ajin sama."

Attahiru ya sani. Zakari ne, mai sauke siminti a tashar kaya, wanda aka ce ya taɓa ɗage bayan wata tasi aka canza mata taya, shi kuwa yana ba da labarin ƙwallo. A ajinsa Attahiru ba shi da na biyu a duk rumfar. A ajin Zakari kuwa ɗan kallo ne.

"Kai ne malamin nasu?" in ji Gwaggo.

"Ni ne koci, Inna."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, abin bai ɗauke ta lokaci ba. "Naka ƙwanjin a gida ka baro shi?"

"Koci ba ya ɗagawa, Inna. Ido ne aikinsa."

"Da baki," ta ce tana kallon masar. "Kai an yarda maka da mai ke nan."

"Ni ai ba a auna ni."

"Haka na ce ma wani a mota. To sauko min da ɗan mutane daga bisa icce, muna da surukai da za mu gani."

Kamilu ya raka su har bakin titi, rungume da kwalin ƙwan da aka bar masa ajiya. "Da an idar da la'asar masu awo za su zo, kuma ba sa jiran kowa. In an kawo maka abinci ka ce ka ƙoshi. Gidan surukai ne ma, wa zai sa ka ci?"

Wannan magana ta kwantar wa Attahiru da hankali har Bungudu. Gaskiya Kamilu ya faɗa. Mijin 'ya ba ya cin abinci a gaban surukinsa. A kawo kwano, a tashi a bar shi shi kaɗai a zaure, ya buɗe ya gutsiri gefe don kada a ce ya raina, ya rufe. Tun aurensu haka yake yi, yau ko gutsirar ma ba sai ya kai baki ba. Bai taɓa ganin amfanin kunya kamar yau ba, har ya ji kamar don masu ɗaga ƙarfe kakanni suka ƙirƙiro ta. Ya yi azahar a masallacin tasha, yana kurkurar baki a alwala da taka-tsantsan kada wani ɗigo ya zarce, sannan suka bi lungu tsakanin gonakin bayan gida, dawa ta fi tsawon mutum.

Malam Dalhatu na zaune a zaure a kan buzu yana tufkar igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa. Gajeren tsoho ne mai farin gemu, wanda bai taɓa ɗaga murya ba don bai taɓa buƙata ba. Attahiru ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya dunƙule jikinsa iya yadda zai dunƙulu. Aka gaisa. Aka tambayi ruwa, aka tambayi gero da dawa, aka tambayi mutanen Tsafe har da waɗanda suka rasu ba a ji ba.

Gwaggo ta gyara mayafi ta fara. Ta ce yaro ya yi kuskure, ƙuruciya ce da zugar abokai, ba da hujja suka zo ba, haƙuri suka zo bayarwa. Ta iya wannan magana. Ta yi wa 'ya'yan dangi biko da dama, wasu matan ma sun dawo.

Malam Dalhatu ya saurara yana tufka, sai da ta kai aya.

"Hajiya Uwani, ni ban da ƙorafi. Na tambayi yarinyar nan, dukanki yakai? Ta ce a'a. Yana barinki da yunwa? Ta ce abinci har maƙwabta. Zagi fa? Babu. To ni mi zan ce in anka tambaye ni? In ce na aurar da ɗiya wadda sai an wanke girkinta kafin a ci? Uwarta ta koya mata, kakarta ta koya ma uwarta. Shekara da shekaru muna ci, ashe dauɗa muka haɗiya ba mu sani ba. Ai godiya ta kamace mu, an buɗe muna ido."

"Baba, wallahi ba haka ba ne," in ji Attahiru, kansa a ƙasa. "Mai ne da gishiri. Tsarin cin abinci ne na masu..."

"Na ji ana faɗi. Ku ci farin ƙwai, ku ba kyanwa gwaiduwa." Ya juya kai wajen ƙofar cikin gida. "A kawo ma baƙo abinci. A haɗo da ruwa mai kyau a kofi, ko zai yi wanki."

Gwaggo ta ga inda maganar ta dosa, ta tattara zanenta ta ce bari ta shiga ta gaida matan gida. Sule ne da kansa ya kawo abincin. Ya dire akushi, ya dire kwanon miya, ya ajiye kofin ruwa daidai gaban Attahiru, ya ɗan gyara masa zama, ya gaishe shi da ladabin da ya fi zagi ciwo, ya koma ciki.

Tuwon dawa ne, da miyar kuka. Man shanu ya narke a kanta ya yi tafki. Ƙamshin daddawa ya cika zauren ya rasa hanyar fita.

Attahiru ya sunkuyar da kai yana jiran tsohon ya tashi. Tsohon bai tashi ba. Ya tofa yawu a tafi ya ci gaba da murza rama a cinya. A jikin bango wani jan gwada ya sauko, ya tsaya, ya shiga ɗaga ƙirji yana saukewa, yana ɗagawa yana saukewa, ba koci ba sikeli.

"Bismilla," in ji Malam Dalhatu.

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

A daidai nan cikinsa ya yi wani dogon ƙugi, ya tsaya, ya ƙara ɗan gajere.

"Na ji," in ji tsohon. "Ga shi nan yana ba da shaida."

"Baba, yau ne awo. Bayan la'asar za a auna ni a Gusau. In na ci..."

"Awo? Saye za a yi?"

"A'a, don a san ajin da zan shiga ne. Jiha za mu wakilta."

"Jiha. To Allah shi taimaki jiha." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Ni ba ni tilasta ka, kai da jikinka. Kuma na san kunya. Ni ma mijin ɗiyar wani ne, har surukina ya rasu bai ga bakina yana motsi kan abinci ba. Amma kai ka fara fidda abin waje, gaban yayanta. Tunda gaban mutane anka wanke, gaban mutane za a ci. In ba ka iyawa, ga hanya nan, motocin Gusau ba su ƙare ba. Gobe sai ka aiko da takardar, kowa shi huta."

Attahiru ya dubi akushin. Watanni ke nan yana kwana yana tashi da hoto guda a kansa: shi ne tsaye a wani fili mai fitilu, sanye da riga mai sunan jiha a baya, ƙarfe a sama da kansa, mutanen da ba su jin Hausa suna ƙoƙarin faɗin sunansa. Wani lokaci har teku yake gani a bayan filin, ko da yake babu wanda ya ce masa akwai teku a wurin. Yanzu ya nemi hoton ya ga yana nan, sai dai ƙamshin daddawa ya shiga cikinsa. Ya tuna ɗakinsa na Tudun Wada, inda tun tafiyar Bara'atu babu mai yi masa sannu da zuwa sai kyanwa, ita ma ba don Allah ba.

A cikin gida an daina daka. Taɓaryar da yake ji tun shigowarsu ta yi shiru, kaji kaɗai ke magana. Ya san mata sun taru a bayan bangon nan. Sai ya ji wani ɗan tari, gajere, irin na wanda ke riƙe numfashi ya gaza. Ko a cikin kasuwar Gusau ya ji tarin nan zai gane mai shi.

Ya jawo ruwan wanke hannu.

Da Attahiru ya yanko lomar farko, Malam Dalhatu ya ce hasken wurin nan bai ishe shi ba. Ya juya a kan buzunsa, da igiyar da komai, ya fuskanci kusurwar da ta fi ko'ina duhu a zauren, ya ba shi baya.

Niyyar Attahiru loma biyu ce ko uku, abin da tofar da yawu zai iya biya a hanya. Amma harshen da ya yi watanni a kan wake tsura ya gamu da gishiri, ya gamu da barkono da man shanu, sai ya manta da koci, ya manta da jiha. Hannu ya shiga kai da kawowa ba da izininsa ba. Gumi ya keto masa a goshi, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce a ransa barkono ne. Ya yi gefen akushin, ya yi tsakiya, ya dawo ya bi gefen da ya rage. Da ya farga, yatsansa ne ke zagaya kwanon miya yana neman abin da babu. Ƙishirwa ta taso masa, ya ɗauki kofin nan da aka kawo don wanki ya shanye shi tas.

Malam Dalhatu ya juyo. Ya leƙa akushi, ya leƙa kwano, ya leƙa kofi.

"Masha Allah. Ni cewa na yi a ci, ban ce a rama ba." Ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu. "Mijin ɗiya ya share akushi gaban surukinai. Wanga labari sai ya kai garin Furfuri kafin magariba."

A bayan bango wata ta tuntsire da dariya aka toshe mata baki. Muryar Gwaggo ce ta fito sarai: "Ku bar shi, marayan Allah, ya daɗe bai ga abinci ba."

Attahiru ya goge baki, kunya ta dawo masa gaba ɗaya a lokacin da ba ta da sauran amfani. Amma da ya saci kallon inuwar ƙofa sai ya ga ba a kira la'asar ba tukuna. Zuciyarsa ta shiga lissafi. In ya samu mota yanzu, ya yi ta tofi har Gusau, ya sauka tun daga nesa ya ƙarasa rumfa da gudu, ya tuɓe har agogo, wa ya sani, ko allura ta ji tausayinsa. Ai sikelin ma yana da ranakun da yake kwana da gajiya. Daga can bakin titi iska ta kawo muryar kwandasta: "Gusau, Gusau! Saura mutum biyu!"

"Baba," ya ce, "to in an yi mana afuwa, sai mu kama hanya."

"Ba ni za ka tambaya ba," in ji tsohon, yana laluben butarsa.

Labulen ƙofar ciki ya motsa, Bara'atu ta fito. Ta sha mayafi kamar mai shirin tafiya, ƙullin kayanta a hammata. Ta sauke ƙullin a bakin ƙofa inda zai gan shi da kyau, ta koma ta ɗauko wani kwano mai murfi da hannu biyu, wanda ya fi akushin faɗi. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta. Mijinta kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta dai dire kwanon a gabansa.

"Mene ne wannan kuma?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Abinci."

"Ai na ci. Tambayi Baba, tas na cinye."

"Wancan girkin Inna ne, abincin rana na gida," ta ce. "Nawa yanzu ya sauka."

Ta ɗage murfin. Tuwon masara ne fari sol, malmala a kan malmala, da miyar ɗanyar kuɓewa tana ta tururi.

Malam Dalhatu ya miƙe, ya zura takalmansa. "Ni na yi masallaci. Abin da ya rage tsakaninku ne." Ya tsallake ƙafar surukinsa ya fita, yana gyaran murya.

"Attahiru," Gwaggo ta ƙwala daga ciki, "kada ka yi gaggawa don ni. Na samu tabarma."

Suka rage su biyu a zauren. Attahiru ya dubi ƙofar waje, inda rana ta shimfiɗa a kan takalmansa. Ya dubi ƙullin kayan. Ya dubi hannun da ke riƙe da murfin, ya ga sabuwar ƙuna a bayan babban yatsanta, inda tuwo ya fantsamo mata wajen tuƙi.

"Gusau! Saura mutum ɗaya!" in ji kwandasta, direba ya danna ham.

Attahiru, wanda ya riga ya ɗaga gwiwa ɗaya zai tashi, ya mayar da ita ƙasa. Ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafa, ya naɗe hannun rigarsa har saman damtse, ya ce bismilla.

Sai a lokacin Bara'atu ta dube shi. Ta jawo ƙullin kayanta ta zauna a kai, ta tallabe haɓa.

"Ci a hankali, Malam," ta ce. "Akwai saura a tukunya."